Ranar da Na Gaida Inna da Takalmi a Ƙafata

Tun ina yarinya ni mai tsoron yi wa mutum ba daidai ba ce. Idan na ba maƙwabciya aron faranti ta dawo da shi ba ta yi murmushi ba, sai in wuni ina laluben abin da na faɗa mata. Idan na idar da salla sai in zauna ina tambayar kaina ko sujada ɗaya na yi a raka'ar ƙarshe. Maigidana ya sha cewa da ana sayar da damuwa a kasuwar Birnin Kudu, da rumfata ce za ta fi ta kowa kaya. To irin wannan mace ce Allah ya jarraba da ƙafar da ba ta jin ƙasa, ya kuma haɗa ta da surukar da babu abin da yake wuce kunnenta.

Ciwon daji ne ya kama ni a mama na hagu. Ba zan ba da labarinsa duka ba, don ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba. An yi mini aiki a Kano aka cire, sannan aka shiga ɗaura mini ruwan maganin nan da suke kira kemo. Daga Birnin Kudu muke shiga mota mu je, mu dawo ina amai a leda. Gashi ya zube, farce ya yi baƙi, abinci ya koma kamar ina lasar ƙarfe. Duk wannan an gaya mini tun farko, kuma duk ya wuce. Gashi ya dawo har ya fi na da laushi. Na yi ƙiba. Mutane suka ce alhamdu lillahi ta warke, kowa ya koma harkarsa.

Ƙafafuna ne kawai ba su ji wannan sanarwa ba.

Abin ya fara ne tun ana tsakiyar maganin. Da farko kamar kiyashi na yawo a yatsuna. Daga baya kiyashin suka tafi, ƙafa ta yi dindiris, kamar na sa safa mai kauri wadda ba ta ciruwa. In na taka siminti sai in ji kamar katifa nake takawa. Wata rana na dawo daga gidan maƙwabta, sai da na shigo tsakar gida na duba ƙasa na ga silifas ɗaya ne a ƙafata. Ɗayan yana can bakin lungu, na yi tafiyata ban sani ba.

Sai kuma tangaɗi. Muddin idona yana kan ƙasa, ina tafiya lafiya, sai dai a hankali. Amma da zarar ido ya bar ƙasa, duniya ta fara lilo. In zan zura hijabi, wannan ɗan lokacin da yadi yake rufe mini fuska ya isa in tafi gefe. Sai na jingina da bango nake sa shi. In ina wanke fuska da sabulu na runtse ido, sai na ji kafaɗata ta bugi garu. Tsayawa da ƙafa ɗaya kuwa, ko don sa siket, wannan na yi sallama da shi. Alwala ma a zaune nake yi, salla a kan kujera, bayan na tambayi malamai har suka gaji da ni, duk da amsar guda ce kullum.

Da na gaya wa likita, ya ce maganin ne ya taɓa jijiyoyin da suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda ƙasa take. Ya ce yanzu idona ne yake yin aikin da tafin ƙafata ya kamata ya yi. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce a wasu yakan dawo a hankali, a wasu kuma ba ya dawowa duka. Ni da karatuna a firamare ya tsaya, na gane wannan sarai, don a jikina yake. Nas ɗin da take kula da mu ta koya mini motsa jiki, in dafa bango in ɗaga dunduniya in sauke, in yi tafiya ina jera ƙafa gaban ƙafa. Sannan ta ɗaga mini yatsa.

"Hajiya, kin ga silifas ɗin nan? Ki ba da shi. Takalmi mai rufi za ki riƙa sawa, mai kama ƙafa. Kuma kada ki kuskura ki taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gidanki ne. Za ki taka ƙusa ba ki sani ba."

Maigida ya sayo mini kambas irin na 'yan makaranta. Mai igiya ya fara kawowa, yatsun hannuna suka kasa ɗaurewa, don su ma abin ya ɗan taɓa su. Ya mayar ya karɓo mai mannewa, wanda in za a ɓalle shi yake ƙara kamar an yaga zane. Ki duba mace mai jikoki, da atamfa da hijabi har ƙasa, ga farin kambas yana leƙowa. Na haƙura. A Birnin Kudu babu wanda ya damu, sai yara da suke tambayata ko ƙwallo zan je.

Matsalar tana can wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram, inda mahaifiyar maigidana take. Kowa Inna yake ce mata. A gidanta na yi shekarun farko na aurena kafin mu dawo gari, kuma ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Ita ta koya mini gyaran daddawa, ita ta yi mini wankan haihuwar fari. Da muka tashi, duk wanda zai zo Birnin Kudu daga ƙauyen sai ta ba shi ƙullin daddawa da kuka ya kawo mini. Lokacin da nake kwance ina fama da kemo, ƙullin bai taɓa yankewa ba, ko da yake ko warinsa ba na iya shaƙa a lokacin.

Yanar ido ta rufe wa Inna gani shekaru da dama da suka wuce. Amma tana zaune a kan tabarmarta a bakin ɗaki ta san komai. Ta san takun kowa. Ta san wanda ya tuɓe takalmi tun daga nesa da wanda sai da ya zo dab da ita. Ta san wanda ya durƙusa da wanda ya ɗan rusuna kawai, don tana jin daga inda murya take fitowa. A gidan nan babu macen da take gaida Inna sai gwiwa biyu a ƙasa, ƙafa ba takalmi. Ba ita ta kafa dokar ba, haka ta taras, haka ita ma ta yi wa tata surukar.

Da ƙaramar salla ta zo, ta farko bayan an sallame ni, muka shirya zuwa gaishe ta. Tun a mota nake tambayar maigida.

"Malam, yaya zan yi da takalmin nan?"

"Ki bar shi a ƙafarki mana."

"A gaban Inna?"

"To ki cire."

"Nas ta ce kada in cire."

"To ki bar shi." Ya juya ya ci gaba da kallon gonaki ta taga.

Haka maza suke warware matsala. Na isa gidan ban yanke shawara ba. Tsakar gida cike da mata da yara, ƙasa kuma ba siminti ba ce, ga ramuka ga turakun awaki. Na tafi ina kallon ƙasa har bakin ɗakin Inna. Na dubi tabarmar, na dubi nisan da ke tsakanina da ƙasa, na san in na sauka ba zan tashi ba sai an ɗaga ni a gaban jama'a. Tsoro ya kama ni. Na dafa ƙyauren ɗakin, na sunkuyar da kai iyakar iyawata, na ce, "Inna, barka da salla. Mun same ku lafiya?"

Ta ɗan karkata kai.

"Wace ce?"

"Ni ce, Inna."

"Au, ke ce. Na ji takalmi har bakin tabarma, na ji murya daga sama, na zaci masu rigakafi ne suka dawo."

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta ce ya ƙarfin jiki, na ce da sauƙi, ta ce madalla, ai an ce kin warke. Daga nan ta juya tana tambayar jikokinta wa ya ci naman wa.

Me ya hana ni yi mata bayani a take? Wannan tambayar na yi wa kaina ita har na gaji. Ga ƙannen miji, ga matan 'yan'uwa, ga baƙi. Ta yaya zan tsaya a gaban suruka ina lissafa mata sassan jikina? Kuma me zan ce? Ba kumburi, ba rauni, ba ɗingishi. Ƙafa ce lafiyayya a ido, har da lalle.

A hanyar dawowa na roƙi maigida ya koma ya yi mata bayani shi kaɗai. Ya ce ba komai, zai yi. Da ya je wani zuwan ya dawo, na tare shi tun bai ajiye hula ba.

"Ka gaya mata?"

"Na gaya mata."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙafarki ce take ciwo."

"Ciwo? Malam, ai ba ciwo take ba!"

"To me take?"

"Babu ita ne! Me Inna ta ce?"

Ya sosa kai. "Ta ce ita ma gwiwarta tana ciwo tun ina goye, amma bai hana ta durƙusa wa kakata ba."

Da na san haka zai yi, da na aiki akuya.

Daga wannan sallar ƙullin daddawa ya daina zuwa. Mutanen ƙauyen suna shigowa Birnin Kudu, suna biyowa ta gidanmu su sha ruwa, hannunsu ba komai. Maigida ya ce wataƙila kalwa ce ta yi wuya bana. Na san ba kalwa ba ce. Ƙanwarsa, wadda take aure a cikin garin Gwaram, ita ta tabbatar mini da ta zo ganin likitan haƙori. Tsakanina da ita akwai wasa tun tana budurwa, ba ta iya ɓoye magana.

"Matar Yaya, ashe ke ce baturiyar gidanmu? Inna ta ce tunda aka yi miki aikin Turawa a Kano, gaisuwarki ma ta koma ta Turawa. Saura ki miƙa mata hannu ku yi musabaha."

"Haka ta ce?"

"Ke ma kin san Inna, zai wuce."

Ita tana dariya, ni kuwa abinci ya fita raina. Inna ta tsufa ƙwarai. Duk lokacin da wayar maigida ta yi ƙara na ga daga ƙauye ne, sai gabana ya faɗi. Abin da nake tsoro shi ne matar nan ta koma ga Allah tana ganin na raina ta, bayan duk abin da ta yi mini. Ba daddawar ba ce, daddawa tana nan a kasuwa.

Sai na yanke shawarar zan koyi durƙuso daga farko, kamar yarinya. In maigida ya fita kasuwa, sai in jawo turmi tsakiyar gida in mai da shi Inna. In dafa bakinsa in sauka a hankali, gwiwar dama tukuna, sannan ta hagu. Saukar ba ta da wuya sosai. Tashin ne bala'i. Mai tashi daga durƙuso da yatsun ƙafa yake tokare ƙasa, ni kuwa ban san inda nawa suke ba sai na waiwaya na gan su, in na waiwaya kuma kai ya juya. Hannun hagu tun aikin da aka yi ba shi da ƙarfi, an ma hana ni ɗora masa nauyi. Na faɗi gefe, na faɗi baya, wata rana na zauna daram a cikin kaskon ruwan kaji.

A ranar ce maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta gan ni gwiwa biyu a gaban turmi ina cewa, "Inna, mun same ku lafiya?"

"Subhanallahi! Maman yara, me kike roƙo a wajen turmi?"

Da na yi mata bayani, sai ta kawo nata maganin. In tafasa ruwa da ganye kaza in tsoma ƙafa a ciki har jini ya motsa. Na ce ai ko ta dahu ba zan sani ba. Ta ce to man zafi. Wata ta ce kitsen damo. Wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Kowa yana da magani, amma babu wanda ya tsaya ya ji yadda abin yake. Kowa sai ya ce, "Ina ne yake miki ciwon?"

A hankali dai na samo dabara. In na dafa turmin da hannun dama, na kafa ido a wuri ɗaya, na jawo ƙafa ɗaya gaba na gan ta da idona a ƙasa, ina iya miƙewa. Ba kullum ba, amma sau da yawa. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba, duk yawan tunanina, shi ne a bakin ɗakin Inna babu turmi.

Da kaka ta yi aka yi haihuwa a gidan, matar autan Inna ta sauka. Muka tafi suna. Daga Gwaram muka hau acaɓa, na riƙe ƙarfen baya kamar raina, don ban san ko ƙafata tana kan mataki ko tana lilo ba. Maigida ya tsaya wajen maza a ƙofar gida, ni na shiga.

A zaure na tsaya. Na ce wa kaina tunda laifina takalmi har bakin tabarma ne, yau tun daga nan zan tuɓe, don ta ji da kunnenta cewa daga nesa na taho mata ba komai a ƙafa. Muryar nas ta zo mini, na ture ta. Tsakar gida ɗaya ce, na ce, me zai faru? Na jingina da bango na ɓalle kambas ɗin. Ƙarar ta cika zauren, na ji daɗi, na ce ko Inna ta ji.

Ranar suna ce, kuma lokacin kaka. An shigo da dawa da gero, ko'ina kara da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi. An kafa manyan tukwane, an jibge itacen ƙaya a gefe, hayaƙi ya cika gida. Na fara tafiya ido a ƙasa. Amma wa zai bar ki ki kalli ƙasa a gidan suna?

"A'a, mutanen Birnin Kudu! Sannu da zuwa!"

"Masha Allah, ji yadda ta murmure!"

"Ke, ba kya ganina ne? Ko ƙasar ce ta fi ni kyau?"

Kowace sai na ɗago na amsa, kowace ɗagowa sai na yi tangaɗi. Hayaƙi ya shiga idona, hawaye ya taru, ƙasa ta zama ruwa-ruwa. Na dafa kafaɗar wata da ban ma san ta ba. Haka dai na ratsa har na iso.

Inna tana zaune a kan buzun sallarta, an shimfiɗa mata shi a kan tabarma, ga ƙwaryar fura a gabanta. Na yi bisimilla a zuci na sauka. Gwiwar dama, gwiwar hagu. Na sauka lafiya! Na kai kaina ƙasa sosai na ce, "Inna, barka da arziki. Mun same ku lafiya?"

Ta karkato kai tana saurare.

"Lafiya lau. Kun zo lafiya? Ya mutanen gidan? Ya yaran? Ya hanya?"

Gaisuwa ce cikakkiya, irin ta da. Ta tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, har kajina. Ni ina amsawa, zuciyata fari ƙal, amma wani gefen kaina yana ta neman abin da zan dafa. Ƙyaure ya yi nisa. Babu turmi, babu kujera, babu komai sai Inna da ƙwaryarta.

Sai ga muryar ƙanwar maigida daga baya.

"Wai wa ya yanka kaza ya ratsa da ita tsakar gida? Ku ga jini ɗis-ɗis har ɗakin Inna." Ta biyo sawun, ta tsaya a kaina. "Innalillahi! Matar Yaya, ƙafarki!"

Na waiwaya. Abin da bai kamata in yi ba ke nan. Na dai hango jini a dunduniyata yana gangarawa kan tabarma, yana neman gefen buzun. Abin da ya fara zuwa raina ba ƙafar ba ce, buzun ne. Najasa a kan abin sallar Inna, kuma ni na kawo! Na yunƙura in tashi da sauri in janye, ba dafawa, ba kafa ido, ba komai daga abin da na koya a gaban turmi. Gidan ya juya. Na tafi gaba gaba ɗaya, na ture ƙwaryar fura, na faɗa a kan cinyar surukata, fuskata a cikin zanenta.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har da ranar da likitoci maza suka taru a kaina. Mata suka yo kaina da salati. Inna kuwa ta riƙe ni gam da hannuwan nan nata masu ƙashi.

"Ku dakata. Kada wadda ta ja ta. Wace ƙafar ce?"

"Ta dama, Inna," in ji ƙanwar maigida. "Ƙayar aduwa ce, ta shige sosai."

"Miƙo mini."

Aka juya ni na zauna a cikin fura, aka ɗora ƙafata a kan cinyar Inna. Ƙafata, a kan cinyar uwar mijina, a gaban duk matan ƙauye. Na so ƙasa ta buɗe. Ta bi tafin da yatsunta har ta sami gindin ƙayar, ta kama da farce, ta fizge. Matan suka ce wash. Ni ina kallo kawai, kamar ƙafar wata ce.

Inna ta tsaya da ƙayar a hannu.

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji ba, Inna."

"Tun daga ina kika taka ta?"

"Ban sani ba."

Ta kama babban yatsana ta mintsine shi. Na ga farcenta ya shiga.

"Wannan fa?"

"Ina ganin kina yi, amma kamar ta kan bargo."

Ta mintsini na kusa da shi, ta mintsini dunduniya, ta hau har idon sawu. Sai da ta kai ƙwauri na ce, "Nan na ji." Ta shafa ƙafar da hannunta. Sannan ta ɗago kai.

"To uban wa ya ce ki cire takalmi?"

Me zan ce? In ce ke ce?

"Ku kira mini mijinta."

Aka shigo da maigida daga wajen maza, hannunsa da maiƙon nama. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna, yana kallona a cikin fura.

"Kai, me ka ce mini yana damun yarinyar nan?"

"Na ce ƙafarta ce take ciwo, Inna."

"Ciwo. Wa ba ya ciwon ƙafa? Ni da kaina na zare mata ƙaya kamar tsinken tsire ko motsi ba ta yi ba, kana ce mini ciwo. Da ka ce mini ƙafarta ce ta makance irin idona, ai da na gane tun ranar. Ni wa yake cewa in tashi in nemo butata da kaina? Tashi ka ba ni wuri. Kullum maganarka rabi-rabi, kamar ubanka."

Ya miƙe ya sa takalminsa ya fita. A mota ne ya ce mini, "Ai kusan abin da na faɗa ke nan." Na juya ina kallon gonaki ta taga har Birnin Kudu.

Kafin mu tafi, an wanke raunin an ɗaure, wata ta kawo mini zane na canza, aka ɗauko kambas daga zaure. Inna ta sa aka mirgino tsohon turminta da ya tsage aka kife shi a gefen ƙofarta. Ta ce wannan wurin zamana ne duk ranar da na zo, kuma da takalmina. Na ce, "Inna, buzun..." Ta ce buzu ruwa ne maganinsa, in rufe mata baki.

Da a nan ta tsaya, da na gode Allah. Amma duk matar da ta shigo yi mata barka sai ta ce, "Kin ga matar ɗana? Ƙafarta ba ta ji. Taɓa ki gani." Haka na zauna a kan turmi har la'asar, matan ƙauye suna layi suna mintsinina a idon sawu, kowace tana tambaya, "Nan fa? Nan fa?" Wata tsohuwa har da tsinke ta zo.

Raunin ya daɗe bai warke ba. Nas ta gan shi, ta kalle ni, ta ce, "Hajiya, me na ce miki?" Na ce na sani. Ta ce sanin bai hana ki ba. Na ce ba za ta gane ba. Ta ce ita ma tana da suruka, amma ƙafar dama guda ɗaya Allah ya ba ta, ba za ta yi wasa da ita ba. Bayan sati kaɗan wani mai kawo gyaɗa ya yi sallama da ƙullin daddawa, ya fi na da girma, tun ban ci rabinsa ba wani ya sake zuwa.

Ƙafar tana nan yadda take. Ta ɗan fi da, ko kuma ni ce na saba, ban sani ba. Har yau bango nake jingina in sa hijabi. In na je ƙauye, ina shiga da kambas ɗina har bakin tabarma in zauna a kan turmi, kuma har yau raina bai kwanta da hakan ba. Turmin ya fi tabarmar tsawo, ina saman Inna ke nan. Don haka in zan gaishe ta sai in riƙe bakin turmin in sunkuya sosai, don muryata ta fito daga ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa barin abin ya wuce ba.

"Ɗago kanki kada ki sake faɗo mini a fura. Na san inda kike."

Zuwan da na yi na ƙarshe, azahar ta yi ina can. Na jawo buta na sunkuya na ɓalle takalmi zan yi alwala. Ƙarar ba ta gama fita ba na ji ta daga cikin ɗaki.

"Wa na ji yana yaga takalmi?"

"Alwala zan yi, Inna."

"To a share mata wurin tukuna. Kuma ki mayar da kin gama, ina saurare."